Zama a jirgin ruwa mai tafiya da iska da shirin tsallake Atilantika: tambayoyin da aka fi yi min

Shekara uku ke nan ni da maiɗakina muna zaune cikin jirgin ruwa, ba mu da wani gida a tudu, jirgin shi ne gidan. Yanzu haka yana ɗaure a tashar ƙananan jirage ta Las Palmas a tsibiran Kanari, muna ta shirin tsallaka Atilantika zuwa Karibiyan in Allah Ya yarda. Na taɓa yin tafiyar sau ɗaya a jirgin wani dattijo ina taya shi aiki, wannan karon kuma namu ne, nauyin komai a wuyana yake. 'Yan uwa da abokai kullum tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ne na ce bari dai in tattara su wuri guda in amsa.

Wai wane irin jirgi ne? Irin kwale-kwalen da muka sani?

A'a. Tsawonsa mita 11 da rabi, jikinsa faiba ne, ya girmi shekara talatin. A ciki akwai ɗakin kwana biyu ƙanana, ɗan falo, kicin da mutum ɗaya kawai ke iya tsayawa, sai banɗaki. A tsakiya akwai dogon sanda na alminiyam wanda wayoyin ƙarfe suka riƙe ta ko'ina, a jikinsa ake ɗaga filafili, wato babban ƙyallen nan da iska ke bugawa ta tura jirgin. Akwai injin dizal amma na shiga tasha da fita ne da kuma ranar da iska ta ɗauke, man da muke iya ɗauka ko kwatan tafiyar ba zai kai mu ba.

Ba ya kifewa in iska ta yi ƙarfi?

Yana karkacewa kam, har ka ga gefe ɗaya na lasar ruwa, ranar farko kowa sai ya yi salati. Amma a ƙasansa akwai wani nauyi na ƙarfe da dalma mai siffar fiffike, namu ya kai tan 3 cikin tan 8 na jirgin gaba ɗaya, shi ne ke dawo da shi tsaye duk yadda ya kwanta. Iska ita kaɗai da wuya ta kifar da irin wannan jirgi, abin da ke kifar da shi shi ne babbar taguwar ruwa in ta fashe a gefensa. Maganin kuma ka rage filafili da wuri. Dattijon da na fara bi yakan ce da zarar zuciyarka ta raya maka ko a rage, toh lokacin ya riga ya yi, kar ka tsaya shawara.

Jirgin ya fi mutanen cikinsa juriya, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A gasar Fastnet ta 1979 tsakanin Ingila da Ayalan guguwa ta afka wa jirage 303, matuƙa 15 suka rasu, kuma wasunsu sun bar jiragensu ne suka shiga kwale-kwalen ceto, daga baya aka tsinci jiragen suna yawo a kan ruwa ba su nutse ba. Tun daga nan ake koya wa kowa kar ka bar jirgi sai in da gaske nutsewa yake.

Me ya sa sai ƙarshen Nuwamba za ku tashi?

Saboda lokacin manyan guguwowin Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ba mai hankalin da zai shiga tsakiyar tekun a watan Satumba da ɗan jirgi irin namu. In ya wuce kuma sai iskar arewa maso gabas ta zauna sosai, ita ce ke tura ka ta baya har can. Wannan iskar fa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, 'yar uwar iskar hunturu ce, ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Chadi ta rufe Kano da Damagaram, irinta ce ke isowa har nan. A Kanari suna ce mata kalima, a tsibiran Kef Bad da ke yamma da Senegal kuma buruma seka. A tafiyata ta farko wata safiya na shafa igiya na ga hannuna ya yi ja da ƙura, alhali mun yi kwana huɗu rabonmu da ganin ƙasa, wallahi sai da na ji kewar gida ta kama ni a wurin.

Ba a miƙewa yamma kai tsaye daga nan. Tsofaffin matuƙa na cewa ka yi ta yin kudu har man shanu ya narke sannan ka juya yamma, ma'ana ka gangara wajen Kef Bad inda iskar ta fi tabbata. Mu mun yanke za mu tsaya a Mindelo a tsibirin Sao Bisente, wajen mil 850 daga nan, mu huta mu gyara abin da ya lalace mu cika ruwa, sannan mu kama sauran mil 2,100 ɗin.

Kwana nawa ake yi?

Kai tsaye daga Las Palmas zuwa tsibirin Sen Lusiya a Karibiyan mil 2,700 ne na teku, kowane mil ɗaya mita 1,852. Jirgi irin namu yana cin mil 120 zuwa 140 a kwana ɗaya, ka ga wajen sati uku ke nan. Akwai ayarin ARC da ke tashi daga nan duk Nuwamba tun 1986, Jimmy Cornell ne ya fara shi, jirage da yawa su tashi rana ɗaya. Yana da amfani don sai sun duba kayan tsaronka kafin su bar ka ka bi su, amma kar ka ɗauka tafiyar rakiya ce, bayan kwana biyu ba za ka ƙara ganin kowa ba.

Da dare kuna jefa anka ku kwanta?

Ina! Zurfin wurin ya kai mita 4,000 zuwa 5,000, wace sarƙa ce za ta kai? Jirgi ba ya tsayawa dare da rana, dole kullum akwai mai gadi a waje. Mu uku ne za mu tafi, ni da maiɗakina da wani abokinmu, kowa awa uku yana gadi awa shida yana hutu. Akwai na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta, mai gadi aikinsa ya duba ko'ina duk bayan minti goma sha biyar, don babban jirgin dakon kaya daga lokacin da ka hango fitilarsa zuwa ya iso kanka bai fi minti ashirin ba, kuma ba lallai ne su sun gan ka ba.

Gadin ƙarfe uku na dare shi ne mai wuya kuma shi na fi so. Kana zaune ɗaure da igiya, kofin shayi a matse tsakanin gwiwa, Kaza da 'Ya'yanta ta karkata yamma, ruwan da jirgi ke tsagawa yana ta walƙiya kore-kore kamar an watsa garwashi, can sai ka ji fat, kifi mai tashi ya faɗo cikin jirgi yana birgima. Kana cikin wannan sai ka waiga baya ka ga wani yanki na sama taurari sun ɓace, baƙi ƙirin, toh hadari ne ya biyo ka, minti biyar gare ka ka taso wani ku rage filafili kafin iska ta ninka. Minti ashirin ya wuce, taurari su dawo, kai kuma ka jiƙe sharkaf. A mako na uku sai a yi haka sau uku a dare ɗaya, abin da ke karya mutum ke nan, rashin barci, daga nan ne ake fara kuskure da faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ruwan sha fa?

Nan ne zan daɗe, don shi ne ya fi hana ni barci. Lissafina lita 4 ga kowane mutum a rana, sha da girki, kuma ba na lissafa kwana 21, kwana 30 nake lissafawa saboda iska na iya ɗaukewa ko wani abu ya karye. Mutum uku, lita 360 ke nan. Tankunanmu biyu suna cin lita 300, sai muka ƙara 150 a jarkoki da robobi, an rarraba su lungu-lungu a cikin jirgi.

Dalilin rarrabawar shi ne abin da ya same mu a tafiyar farko. A dare na tara wani ɗan maɗaurin tiyo ya kwance a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, famfon lantarki kuma shi bai san komai ba, da ya ji ruwa na fita sai ya yi ta turawa, ƙarar teku ta hana kowa ji, kafin asuba tanki guda ya ƙare tas a cikin ƙasan jirgi. Da na ɗaga katakon daɓe na ga ruwa, abin da aka koya min na yi, na tsoma yatsa na ɗanɗana. Ba gishiri. Na ji sanyi a raina don ba ɓulewa muka yi ba, sannan gabana ya faɗi don na gane rabin ruwan shanmu ne nake kallo gauraye da baƙin mai. Sauran kwana goma sha biyu muka yi kowa da robarsa ta lita ɗaya da rabi an rubuta sunansa. Saboda haka a jirgina famfon lantarki a kashe yake in muna teku, da famfon ƙafa ake ɗiba, kuma ba a buɗe tanki biyu lokaci ɗaya.

Akwai na'urar tace ruwan teku ya koma na sha, tana da tsada tana shan wuta kuma tana lalacewa, wanda ke da ita ma ana ba shi shawara ya ɗauki ruwa kamar ba shi da ita. Wanka da wanke-wanke da ruwan teku ne, sai a ɗauraye da kofi ɗaya na mai daɗi.

Me kuke ci?

Wannan kam mu Hausawa mun fi Turawan nan sa'a, su sai gwangwani da taliya. Mu muna da garin kwaki, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, dabino, zogale busasshe, duk abin da kakanninmu fatake ke tafiya da shi wata da watanni ba ya lalacewa. Doka ba ta yarda a shigo da nama Tarayyar Turai daga gida ba, don haka dambun nama maiɗakina ce ta yi shi a nan da kanta, kwana biyu tana fama. Albasa, dankali, kabeji da lemo suna kai sati uku in an rataye su a raga inda iska ke shiga. Ƙwai ana juya shi duk bayan kwana biyu. Ayaba kar ka sayi nono guda, rana ɗaya za ta nuna gaba ɗaya. Kwali ko ɗaya ba ya shiga jirgi, a bakin tasha ake zazzage komai, saboda ƙwan kyankyaso a cikinsa yake ɓuya.

Rishon gas ɗin a rataye yake yana lilo tare da jirgi, tukunya kuma mai murfin kullewa muke amfani da ita, kuma ko zafi ake kamar me mai girki sai ya sa dogon wandon roba, don ƙunar tafasasshen ruwa a tsakiyar teku ba ƙaramin bala'i ba ne. Muna jan ƙugiya a baya, in an dace a kama kifin dorado.

Wuta da waya?

Sola da batir. Firij da na'urar tuƙi su ne masu cinye wuta, kullum da safe sai na duba abin da ya rage kamar mai duba kati a mita. Sabis na waya yana ɗaukewa tun ba a daina hango ƙasa ba. Da yawa yanzu sun sa intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink, mu ƙaramar na'urar Iridium muke da ita ta saƙo da hasashen yanayi, ta ishe mu.

Yaya kuke sallah?

Alhamdu lillahi addini ya sauƙaƙa. Ruwan teku mai tsarki ne ana alwala da shi, mataccensa ma halal ne, hadisi ne sananne, kuma tambayar matafiya teku ce ta jawo shi. Muna yin ƙasaru. In jirgi na rawa sosai a zaune ake yi, ka tokare ƙafa da wani abu. Alƙibla daga Kanari kusan gabas ce sak, wajen digiri 85 a kamfas, kana matsawa yamma tana karkata arewa har ta koma wajen 67 a Sen Lusiya, tunda kuma yamma muka nufa kusan kullum tana bayan jirgi. Lokaci da rana muke duba shi ba da agogo ba, don duk digiri 15 da ka ci zuwa yamma awa ɗaya ke canjawa, kafin a isa an samu bambancin wajen awa uku ta lissafin rana, a agogon ƙasashen kuma awa huɗu.

Jiri da amai fa, da rashin lafiya?

Kusan kowa na yi, kwana biyu zuwa uku na farko, daga nan jiki ya saba. Citta na taimakawa, akwai ƙwayar Stugeron amma tana sa barci, a gwada ta tun a tudu. Ka zauna a waje kana kallon nesa, kar ka shiga ciki ka ce za ka karanta wani abu, ka yi ta kurɓar ruwa ko da yana dawowa. Kafin tafiya duk mun je wurin likitan haƙori, mun yi kwas na taimakon gaggawa, likita ya rubuta mana magungunan da za mu riƙe. A tsakiyar tekun helikwafta ba ya isowa, in abu ya ɓaci sai dai jirgin dakon kaya mafi kusa ya juyo, yana iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu.

Me kuka fi tsoro? 'Yan fashi? Kifaye?

'Yan fashin teku matsalarsu a mashigin Gini da mashigin Adan take, ba a wannan hanyar ba. Kifayen orka da ke fasa wa jirage abin juyawa tun 2020 suna can wajen Jibralta da gaɓar Fotugal, mun riga mun wuce su. Abin da na fi tsoro shi ne mutum ya faɗa ruwa da dare. Jirgi na gudu da iska a baya, kafin ka juyo shi kan mutum ya ɓace cikin taguwa. Dokar jirgina guda ce ba a yi mata gardama, da dare ko in kai kaɗai ne a waje, rigar ceto a jikinka, igiyarta a maƙale da jirgi, ba mai zuwa gaba sai ya taso wani, kuma ba mai tsayawa a gefe ya yi fitsari ko da teku ta kwanta kamar tabarma.

Na biyu gas, don ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasan jirgi yake taruwa, shi ya sa ake rufe tukunyar daga tushe duk an gama girki. Na uku gogayya, igiya tana gugar wuri ɗaya dare da rana har ta tsinke, don haka kullum da safe sai na zagaya ina shafa kowace igiya ina duba kowane ƙulli da fil. Muna da kwale-kwalen ceto mai hura kansa, da na'urar EPIRB da ke aika wurin da kake ta tauraron ɗan'adam, da AIS mai nuna jiragen da ke kusa, da rediyo a kan tasha ta 16 ta kiran gaggawa.

Sai mai kuɗi ne zai iya ko?

Mun saye shi kusan kuɗin sabuwar Hilux, bayan shekaru muna tari, kuma ba ma biyan haya. Amma sayen ba shi ne wahalar ba, riƙon ne. Masu jirage na cewa ka ware kashi goma cikin ɗari na kuɗinsa duk shekara don gyara, ni dai abin da na gani bai ƙaryata su ba. Gishiri yana cin komai. Bana kaɗai mun canja wayoyin da ke riƙe sandan gaba ɗaya don sun wuce shekara goma kuma masu inshora ba sa yarda da hakan, mun canja bawul huɗu na ƙasan jirgi, kowanne na ɗaura masa turun katako a gefe don toshewa in ya karye. In ba ka son aikin hannu kar ka fara, don kai ne makanike, kai ne mai gyaran famfo, kai ne mai wayarin, kai ne tela. Hotunan da kuke gani na faɗuwar rana gaskiya ne, amma kafin a ɗauki ɗaya an yi kwana uku kai a cikin ramin inji.

Ban taɓa hawa ba, ta ina zan fara?

Kar ka sayi jirgi. Ka koyi iyo, ka yi kwas ɗin kwana biyar na masu farawa na RYA, ƙungiyar matuƙa jirage ta Biritaniya, sannan ka bi jiragen mutane. Nan Las Palmas daga Oktoba allon sanarwa cike yake da masu neman 'yan taya aiki. Ka duba jirgin da kyau, ka duba mai shi fiye da jirgin, in yana shan giya a teku ko yana yi wa matarsa tsawa a tasha, ka haƙura. Batun takardu kuma mai fasfo irin namu sai ya yi shiri tun da wuri, Kanari Sifen ce sai da bizar Shengen, Kef Bad tana cikin ECOWAS, Matinik da ke Karibiyan ta Faransa ce amma bizar Shengen ba ta aiki a can, kowane tsibiri da dokarsa.

Ana iya bin wannan hanyar a shiga Turai?

Don Allah ƙanina kar ka yi. A 2024 kaɗai sama da mutum 46,000 suka iso Kanari cikin kwale-kwale daga Senegal, Muritaniya, Gambiya da Maroko, ina ganin waɗanda aka ceto da idona, ban da waɗanda ba su iso ba. Yawancinsu arewa suke nufa, suna gaba da iska da kuma jan ruwa, ranar da inji ya mutu ko mai ya ƙare, iskar nan da mu muke jira ta kai mu Karibiyan ita ce ke kwashe su ta yi yamma da su ba ruwa ba abinci. A 2021 an tsinci kwale-kwale daga Muritaniya a gaɓar Tobago a Karibiyan cike da gawarwaki, a 2024 an tsinci wani a arewacin Burazil. Ni da tankuna da na'urori da mutum uku kacal ina lissafin ruwa ina kasa barci, ina ga mutum ɗari a buɗaɗɗen kwale-kwale da jarkoki kaɗan.

Hajiya ta yarda kuwa?

Da farko kuka ta yi. Ban tafi ba sai da ta sa albarka, kuma ba zan tafi ba da ta hana. Na zauna na nuna mata komai a bidiyo, rigar ceto, kwale-kwalen, jarkokin ruwa, ta ce toh ka ɗaure raƙuminka, saura tawakkali. Sharaɗinta ɗaya, kullum bayan la'asar in aika saƙo, ƙanwata ta karanta mata. Na roƙe su in kwana ɗaya ko biyu ba su ji mu ba kar hankalinsu ya tashi, na'ura ce ke mutuwa.

Me ya rage yanzu?

Zan ƙara hawa kan sandan in duba fitila da ƙafafun igiya, akwai ɗinki a babban filafili, abin tace dizal na ajiya bai iso ba tukuna, sai gwada tuƙin gaggawa a waje da tasha ranar da iska ta ɗan yi ƙarfi. Kayan gwari sai ana jibi tafiya za mu shiga kasuwa. Ranar tashi kuma ba mu sa ba, muna kallon hasashen yanayi, in ya nuna kwana biyar masu kyau a jere zuwa Mindelo sai mu kwance igiya. Ku sa mu a addu'a.